Shaidar Mai Wanki

Ranar da aka narka zinariyar auren Nilani, Acci ta aiko a ce mini in zauna a bayan gida in kankare kwakwa. Acci mahaifiyata ce, kuma tsakanin ɗakinta da madafa ko tari ka yi sai an ji, amma aike ta yi. Na ce to. Na ja makankari na zauna bakin rijiya, ina jiyo maƙerin zinariya yana hura wuta a tsakar gida, mata suna ta dariya. Nilani 'yar ƙanena Kugan ce, ni na yi mata wankan farko a duniya, amma ba a so idona ya sauka a kan zinariyar da za a ƙera mata tali, igiyar auren da ango zai ɗaura mata a wuya. Wai ni, Kanagam, farar ƙafa gare ni.

Ba don mijina ya mutu kaɗai ba. A yankinmu na Mullaitivu in za a kori duk matar da mijinta ya mutu daga wurin biki, to ango da amarya su ci shinkafarsu su kaɗai. Nawa laifin na daban ne, laifin farin sari ne, dogon zanen nan da matanmu ke naɗawa.

Mijina masunci ne. Sojojin ruwa suka harbe shi cikin kwalekwalensa tun yaƙi bai kai ƙarshe ba. Na ɗaura farin sari na takaba kamar yadda aka saba, daga baya na wanke shi, na ninke, na sa a leda. Da aka fara koro mu daga gari zuwa gari, muna gudu bama-bamai na bin mu, na yar da tukwane, na yar da keken ɗinki, amma ledar nan tana ƙugu na. Kada a tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba.

Haka muka isa bakin tafki, ɗan zirin yashin nan da gwamnati ta ce ba za a yi harbi a cikinsa ba. A nan aka fi yi mana ruwan wuta. Mun haƙa ramuka da faranti da hannu, mun binne mutane a ramin da muka kwana jiya. 'Yan Ƙungiya kuma, masu yaƙar gwamnati da sunanmu, suna tsaye da bindiga, duk wanda ya ce zai tsallaka wajen soja su harbe shi. Su ne suka kama Kugan da ƙarfin tsiya a watannin ƙarshe, suka ba shi tarakta yana kwasar waɗanda suka ji rauni. Bai taɓa harba ko danƙo ba, yaron da in za a yanka kaza sai ya bar gidan.

Ranar da komai ya ƙare muka tsallaka gadar Vattuvakal muna taka takalman mutane da abin da ya fi takalma. A ɗaya ɓangaren aka tara mu cikin shingen waya. Lasifika tana ta faɗa da gurɓataccen Tamil, harshenmu, cewa duk wanda ya yi ko yini ɗaya tare da Ƙungiya ya fito, za a rubuta sunansa a sallame shi, wanda kuwa ya ɓoye aka gano shi, ya kuka da kansa. Matar Kugan, Yogarani, tana can wani layi riƙe da Nilani da ƙarfe ya tsaga wa ƙafa. Daga ni sai Acci sai Masta Arulampalam muke tare da shi.

Masta tsohon malamin makarantarmu ne, mutumin da ya yi gudun hijira da rediyo a hammata ya bar shinkafa. Shi ya dafa kafaɗar Kugan.

"Tambi, ƙanena, fita. Akwai doka, dokar Geneva. Ƙasashen duniya kaf sun sa hannu, har da wannan gwamnatin. Wanda ya ɗaga farin ƙyalle ya miƙa wuya, ko mari ba a isa a yi masa ba. Duniya tana kallo."

Aka shiga neman farin ƙyalle. Ina za a samu? Kowa jikinsa laka da jini. Sai na tuna da ledata. Na ciro sarin, na sa haƙori a gefen da ake yafawa a kafaɗa, na yage. Kugan ya ɗaura a kan wani kara, ya ce, "Akka, yayata, ki ce wa Yoga ta ajiye mini shayi." Na riƙe hannunsa har gaban soja, ni da kaina na miƙa shi. Na ga ya hau jar bas, ya zauna ta taga, farin ƙyallen yana kan cinyarsa.

Shayin nan ya daɗe da hucewa. Nilani da ake goyo ga ta za a yi mata aure.

To kun san wa Acci ta ɗora wa laifi? Ba sojan da ya karɓe shi ba, ba mai lasifika ba, ba Masta da dokarsa ba. Ni. Wai wace irin 'yar'uwa ce za ta sallami ƙanenta da zanen takaba? Wai ƙyallen mutuwa na ba shi, mutuwa kuwa ta gane kayanta. Tun tana faɗa cikin kuka har ta koma faɗa tana tauna ganyen nan da muke ci kamar goro, hankali kwance, maƙwabta suka ɗauka, har ta kai in na fito da safe mai zuwa kasuwa sai ya koma gida ya sha ruwa ya sake fitowa. Sansanin soja yana nan a bakin hanya, sun buɗe har da shagon shayi, kowa yana wucewa kansa a ƙasa. Ni ce dai mai sauƙin zagi, ba ni da bindiga.

Yoga ba ta taɓa faɗa mini wannan maganar ba, ba ta kuma taɓa kare ni ba. Kullum da safe za ta sa jan ɗigonta na matar aure a goshi, ta gyara talinta a wuya, ta ɗauki hoton Kugan ta tafi rumfar bakin titi inda mata irinta suke zaman neman nasu. Jami'ai sun zo mata ba sau ɗaya ba, wai ta yarda ya mutu a ba ta diyya, ko ta yarda ya ɓata. Ta ce akuya ce ke ɓata, mijinta ɓatar da shi aka yi, kuma wanda aka ba ajiya shi zai fito da ita. Saboda wannan taurin kan nata aiyar, mai ɗaura aure a wurin bautarmu, ya ce tunda ba a tabbatar da mutuwa ba, ba a yi wa Kugan sadakar mamaci ba, to Yoga matar aure ce. Za ta hau dandamali ta miƙa hannun 'yarta, kawun yarinyar ya tsaya a madadin uba. Uwar ango ta tura baki, amma ta haƙura. Da a ce an tabbatar, da a nan bakin rijiya za a ajiye Yoga kusa da ni, wata can ta miƙa mata 'ya.

Ina cikin kankarar kwakwa sai na ji ƙarar keke ta ƙofar baya. Masta ne, ya ƙara tsufa, wuyan riga ya yi masa yawa.

"Kanagam, ajiye wannan. Akwai baƙuwa a gidana."

"Masta, in masu rubuta suna ne, ka ce musu na mutu. Na gaji da ba da labari ana ba ni biskit."

"Wannan daban ce. Lauya ce daga waje, 'yarmu ce. Ki biyo ta bayan gonar ayaba, ɗan leƙen asirin sojan nan mai babur yana bakin shago."

Na je, don na san in ban je ba zai tsaya a kaina har kwakwar ta yi tsami.

Yarinya ce, ba za ta girmi Nilani da yawa ba. Sunanta Mayuri. Iyayenta sun fita da ita tana jaririya, Tamil ɗinta kamar tana tauna tsakuwa, amma ta miƙe da na shigo, ta ce mini Amma, wato uwa, ta ba ni kujera. Ta ce ita da abokan aikinta suna tattara shaida kan waɗanda aka miƙa wa soja hannu da hannu. Ta ce wani soja ya sayar da tsohuwar wayarsa a wata ƙasa, aka sami hotuna a ciki. Masta ya gaya mata labarin farin ƙyalle, shi ya sa take so in duba ɗaya, in zan iya.

"Na ga abin da ya fi hoto," na ce mata. "Buɗe."

Maza ne zaune a ƙasa cikin yashi, tsirara, an ɗaure hannuwansu ta baya. Daga baya aka ɗauke su, ba a ganin fuska. Ga takalman soja a gefe, ga bakin bindiga. A ƙarshen layin wasu sun riga sun kife. Kowanne an rufe masa ido da tsumma, wani da hannun riga, wani da shuɗin ƙyalle. Na kusa da mai ɗaukar hoton, da fari aka rufe nasa, an ƙulla a ƙeya, bakin ƙyallen ya sauko a kan wuyansa.

Ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton har bakin ƙyallen ya cika fuskar na'urar.

Kowane gida a garinmu yana da shaidarsa wurin mai wanki. Sinnan mai wankinmu, da ubansa kafin shi, da ruwan wani ɗan itace suke yi, baƙi ƙirin, ba ya fita ko an dafa zanen. Ta gidanmu ɗigo biyu ne da ƙugiya a ƙarƙashi, tun zamanin kakata. Sinnan yana sa wa sari a gefe biyu, don in an yage ɗaya. Ga ɗigo biyu, ga ƙugiya, a kan wuyan ƙanena.

Ban yi kuka ba. Tutar da na yaga da haƙorina, ita suka kwance daga kan kara suka rufe masa ido. Ko tsummansu ba su ɓata a kansa ba.

Na juya na kalli Masta. "Ga dokarka nan, Masta. Ka gan ta? Sun karanta ta, har sun ƙulla ta a ƙeya."

Ya ce, "Kanagam, dokar tana nan. Su ne suka karya—"

"Ka ce duniya tana kallo!"

"Tana kallo."

"To ta ƙoshi da kallo? Ko a ƙara mata kujera?"

Mayuri ta bari na numfasa, sannan ta yi magana a hankali. Ta ce in sauran sarin yana nan, da shaida iri ɗaya a ɗaya gefen, da yagar da ta dace, ga ni kuma da na miƙa shi da rai, to wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum mai suna, an gan shi ya miƙa wuya, an gan shi a ɗaure a hannunsu. A doka wannan laifin yaƙi ne, ba ya tsufa, ba a yafe shi. Sai dai ba za ta sa sunansa ba sai matarsa ta sani ta kuma yarda.

"To yaushe ne shari'ar?" na ce.

Ta sunkuyar da kai. "Amma, ba zan yi miki ƙarya ba. Babu kotu tukuna."

"Ban gane ba."

"Ƙasar nan ba ta shiga babbar kotun duniya ba. Sai manyan ƙasashe sun yarda a kai ta, su kuma wasunsu abokanta ne. Abin da muke yi, muna adana shaida. Wata rana wani daga cikin masu ba da umarnin zai taka wata ƙasa da za ta iya kama shi."

"Wata rana."

"Wata rana, Amma."

"Wato laifin ba ya tsufa, mu ne muke tsufa. 'Yata, kin san abin da kike roƙo? Nan da 'yan kwanaki matar nan za ta hau dandamali ta aurar da 'yarta. Abu ɗaya da ya rage mata kenan a duniya. Ina buɗe baki, za a goge mata goshi, a cire mata tali, a tura ta bayan gida. Ke kuma ki sa a jaka ki hau jirgi, ki ajiye a wani ɗaki mai sanyi har beraye su yi digiri a kai. Shi mai takalmin nan fa? Yana can an ƙara masa girma, wataƙila shi ke sayar mana da shayi a bakin hanya."

Ba ta musa ba, abin da ya ƙara ba ni haushi kenan. Da ta yi gardama da na samu wurin sauke abin da ke cikina. Ta ce kawai tana nan gidan Masta har washegarin biki.

Na koma bakin rijiya na ci gaba da kankarar kwakwa har na kankare fatar yatsana. Acci ta leƙo ta ce in kula kada jinina ya shiga abincin biki. Maganar ta zo mini har kan harshe. In ce mata zo ki ga aikin farar ƙafata, zo ki ga ko sari ne ya ɗaure masa hannu. Shekara da shekaru ina jiran abin da zan tusa mata a ido, ga shi na samu, kuma ba halin in yi. Na haɗiye, na tsotse yatsana.

Ranar biki aka yi ta busa da kiɗa tun da hantsi. Ni da sauran matan da ba a so a gani muna baya muna yanka ganyen ayaba, muna juya payasam, kunun zaƙin biki. Ta tsakanin zanen rumfa na hango Yoga. Ta ɗaura jan sarinta na aure, furanni a gashi, ɗigon goshinta ya fi na kullum girma. Aiyar ya zuba ruwa, ta ɗora hannun Nilani a kan na ango. Da kiɗa ya yi sama aka ɗaura tali, na ga ta kai hannu ta taɓa nata. Na juya na ci gaba da juya tukunya, na ce wa kaina na yi daidai, gara gobe lauya ta tafi da hotonta.

Da la'asar aka raka amarya. Gida ya yi tsit, sai karnuka da hankaki a kan ganyen da aka zubar. Ina wanke manyan tukwane sai ga Yoga ta zagayo, ba ta ko canza kaya ba. Ta zauna a kan dutsen wanki da jan sarinta mai tsada.

"Tashi, za ki ɓata shi," na ce.

"Akka, me kika gani a gidan Masta?"

Na ci gaba da dirzar tukunya. "Surutun tsofaffi."

"Na uku daga hagu ne, ko sun juya hoton?"

Tokar da ke hannuna ta zube.

"Wata mata ta nuna mana a waya, a rumfa, tun Nilani tana makaranta," ta ce. "Kowa tana dubawa ko za ta ga nata. Ni ban ma kai ga ƙyallen ba. Akka, bayan mijina ne. Ni nake shafa masa mai duk Asabar."

"Kin sani? Duk shekarun nan kin sani, kika bar Acci tana—"

"Na sani."

"Kina ji ana ce mini farar ƙafa! Kina ji yara suna tofar da yawu in na wuce!"

"Ina ji. Da na yi magana, yau wa zai miƙa Nilani? Matar kawu, wadda ko ranar haihuwarta ba ta sani ba? Sun ɗauke mata uba, na rantse ba za su haɗa da uwa ba. Ke na bari kika biya, Akka. Ba zan ce ki yafe ba."

Na ɗaga hannu, na rantse marinta na yi niyya. Ta tsaya tana kallona ba ta kauce ba. Hannun ya sauko da kansa, na zauna a ƙasa cikin ruwan wanke-wanke, sai a lokacin kukan ya zo, mai ƙara, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kashe mijina.

Ta jira na gama. Sannan ta ce, "Ina sauran sarin?"

"Yoga, babu kotu. Ita lauyar da bakinta ta faɗa. Za ki ba da goshinki da wuyanki a kan wata rana."

"Na san babu. Shekara nawa ina zaune bakin titi, kin ɗauka ban san babu ba? Amma suna cewa ya ɓata. Gobe a rubuta cewa bai ɓata ba, a rubuta da sunansa, da sunan wadda ta miƙa shi. In kotun ta zo bayan mun mutu, ta tarar da shi yana jiranta. Ɗauko."

Na shiga na ɗauko ledar daga ƙasan akwati. Sarin ya yi ɗan ja-ja a wurin ninki, amma shaidar Sinnan tana nan baƙa kamar jiya aka sa. Yoga ta zare furannin gashinta ta ajiye a bakin rijiya. Ta kama gefen sarin ta goge goshinta da kanta, jan ya fito a kan farin. Ba haka ake yi ba. A al'ada mata ne suke taruwa su yi wa mace wannan, gawa tana kwance a gabanta. Mu ba mu da gawa.

"Ɗaura mini," ta ce.

Na warware mata jan, na naɗa mata farin. Da na zo kafaɗa sai sarin ya gaza, saboda abin da na yage. Na fara cusa yagaggen bakin ciki don kada a gani, ta riƙe hannuna, ta fito da shi waje, zare yana reto.

A haka Acci ta same mu. Ta fito da tsintsiya, ta tsaya, tsintsiyar ta faɗi.

"Ayyo! Kanagam, kin ci ɗana, yanzu kuma ranar auren jikata kin sa wa surukata wannan tsinannen zanen? Cire! Yoga, cire shi kafin ya kashe mini Kugan!"

Yoga ta ciro tali daga wuyanta, ta taka har gaban tsohuwar, ta buɗe tafin hannunta ta sa mata a ciki, ta rufe.

"Mami, ba zane ba ne," ta ce. "Soja ne. Gobe da safe za mu gidan Masta, ta gaban sansani za mu bi. Ki zo ki ga ɗanki."